Wokal ɗin ƙiyayya a gurup: me doka ta ce, me admin zai iya yi?

Malam Abdu: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kaka ta gabato, kuma kowa ya san daga yanzu har a saki gonaki gurup-gurup ɗin garuruwanmu na Adar ke ɗaukar zafi. Dabba ta faɗa gona a Madawa ko Illela ko Keita, kafin mai gari ya ji, wokal, wato saƙon murya na WhatsApp, ya kai Yamai, ya kai wurin ƴan ci-rani a Abijan. Kuma ba a cewa shanun wane, ƙabila ake kira gaba ɗaya. Mafi yawanmu nan admin ne, masu kula da gurup, shi ya sa nake so mu fitar da ƙa'ida guda da kowa zai ɗauka. Metur Hadiza, ke ce lauya, mu fara da ke: ina iyaka tsakanin zagi da kalaman ƙiyayya? Wanda ya tura kawai, da admin da ya yi shiru, doka na kama su?

Metur Hadiza: Wa alaikumus salam Malam. Dokar da ake aiki da ita a Nijar ita ce mai lamba 2019-33 ta 3 ga Yuli 2019, ta yaƙi da laifukan intanet. Ayoyi huɗu suka shafe mu. Aya ta 29 ɓata suna ce, ta 30 zagi, ta 31 yaɗa abin da zai iya tada hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam, ta 32 kuma kalaman wariyar launi, ɓangaranci, ƙabilanci, addini ko ƙin baƙi. A 2022 majalisa ta cire ɗauri daga ɓata suna da zagi, ta bar tara. Ranar 7 ga Yuni 2024 aka sa hannu kan dokar da ta maido da ɗaurin: ɓata suna ko zagi, shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 na sefa, aya ta 31 kuwa shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5. Ban da wannan, tun kafin salula akwai aya ta 102 ta kundin hukunta laifuka, wadda ta tanadi shekara 1 zuwa 5 ga farfagandar ɓangaranci da duk abin da zai haɗa ƴan ƙasa faɗa ta hanyar ƙabila ko addini.

Wanda ya tura ba shi da mafaka. Aya ta 31 ba ta tsaya ga wanda ya ƙirƙira ba, ta haɗa da wanda ya yaɗa da wanda ya ajiye abin inda wasu za su samu. "Ni ma turo mini aka yi" ba kariya ba ce gaban alƙali. Admin kuma, in bai tura ba, hanyar da za a iya bi a kai gare shi ita ce ta haɗin baki, ita kuwa sai an nuna ya sani kuma ya taimaka. Admin da aka yi wa magana sau biyu, ya bar saƙon, har ya sa alamar yatsa a ƙarƙashinsa, ya sauƙaƙa wa mai gabatar da ƙara aiki.

Baba Ada: Allah ya yi miki albarka ɗiyata. Ni a ganina shekara biyar ma ta yi kaɗan. Yaran yanzu ba su san Toda ba. A 1991 an kashe Fulani sama da ɗari can ƙasar Maraɗi, galibi mata da yara. A Bangi, nan ƙasar Madawa, watan Nuwamba 2016, mutum kusan ashirin suka mutu kan rikicin gona da kiwo. A Janairun 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rai cikin kwana biyu. Wanda ya zauna cikin ɗaki yana hura irin wannan wutar da waya, a ɗaure shi, sauran su gani.

Hajiya Rabi: Baba, da girmanka, Toda ta faru babu intanet ko ɗaya. Baki ne ya kai labari. Abin da waya ta canza shi ne gudu da nisa, da kuma cewa murya ɗaya tana isa kunne dubu ba ta sauya ba, da kukanta da rantsuwarta. Ba na musun hukunci. Damuwata wace aya ake ɗauka. Aya ta 32 ce aka yi domin ƙabilanci, amma wadda aka fi jin sunanta a shari'o'in ƴan jarida da masu fafutuka ita ce ta 31, don "tada hankalin jama'a" ba shi da gefe. Rahoton gaskiya kan hari yana iya tada hankali. Sukar magajin gari ma haka. In kalma ɗaya ta rufe mai tunzura kisa da mai ƙorafin rijiya, mutane za su daina bambance su, kuma ranar da aka kama mai tunzurawa na gaske sai a ce siyasa ce.

Baba Ada: To a bar su ke nan?

Metur Hadiza: A'a Baba, a auna su. Akwai ma'auni. Yarjejeniyar duniya kan ƴancin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, aya ta 19 ta ba da ƴancin magana, ta 20 kuma ta wajabta wa ƙasa hana kiran ƙiyayya da ya kai ga tunzura wariya, gaba ko tashin hankali. A 2012 masana suka zauna a Rabat ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da abubuwa shida da ake dubawa: halin da ake ciki, wane ne mai maganar, niyyarsa, abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, iya inda maganar ta kai, da yiwuwar ta haifar da ɓarna.

Bari in sa shi cikin maganarmu. Wani ya ce: "Shanun wane sun cinye mini wake, kuma an ba wakilin mai gari kuɗi ya yi shiru." Wannan zargi ne kan mutum biyu sanannu. In ƙarya ne ɓata suna ne, su ke da hakkin kai ƙara, amma ba ƙiyayyar ƙabila ba ce. Na biyu ya ce: "Mutanen nan duk ɓarayi ne, haka aka haife su." Nan an bar mutum an kama jinsi, aya ta 32 ta leƙo. Na uku ya ce: "Gobe bayan asuba kowa ya fito da abin hannunsa, mu tashi rugar bayan kwari." Akwai lokaci, akwai wuri, akwai makami, akwai waɗanda aka nufa. Wannan ba a jira a gama muhawara a kansa, jandarma ake kira a daren. Kuma jumla ta biyun nan, nauyinta ba ɗaya ba ne in yaro ya faɗe ta a fadar shayi watan Maris, da in mai wa'azi ko ɗan sarki ya faɗe ta a gurup mai mutum dubu washegarin da aka tsinci gawa a gona.

Ɗan Konni: Yaya Hadiza, to taubasantaka fa? Bafillace da Babarbare, Ba'are da Bafillace, Bazabarme da Buzu, Bagobiri da Bakatsine, abin da suke faɗa wa juna in aka rubuta shi ai ya fi jumlarki ta biyu muni.

Metur Hadiza: Shi ya sa niyya da halin da ake ciki suke cikin ma'aunin, ƙanena. UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ma ta sa wasan nan na Nijar cikin gadon al'adun duniya a 2014. Amma wasa na da sharuɗɗansa: taubashin yana wurin, yana da bakin ramawa, kuma tsakaninku akwai wasan tun asali. In aka yanke daƙiƙa ashirin daga ciki, aka cire dariyar da amsar, aka jefa wani gurup inda ba a san su ba, sharuɗɗan sun faɗi. Akwai kuma masu fakewa da shi, su zuba dafi kan ƙabilar da ba ta wasa da tasu, in an yi magana su ce raha ce.

Injiniya Lawali: Bari in shigo ta ɓangaren na'ura, don mutane da yawa na zaton kamfani na sauraro. WhatsApp a kulle yake daga waya zuwa waya, kamfanin ba ya jin wokal ɗin da ke yawo a gurup. Abin da ke kai masa shi ne rahoto: in ka kai ƙarar mutum ko gurup, saƙonni biyar na ƙarshe ake aika masa, in kuma ka danne saƙo guda ka kai ƙararsa, shi ne zai tafi. Abin da kamfanin ya yi don rage gudu shi ne iyakar turawa: tun 2019 wuri biyar a lokaci guda, tun 2020 kuma saƙon da ya sha yawo, mai kibiya biyu a kansa, wuri ɗaya tak. Mai niyya yana kewaye wannan cikin minti ɗaya, ya sauke fayil ɗin cikin waya ya sake ɗora shi sabo, kibiyar ta ɓace. Gurup ɗaya kuma na ɗaukar mutum 1,024.

Facebook da TikTok a buɗe suke, suna da na'urar tacewa, amma ta fi ƙarfi kan rubutu, mu kuwa murya muka fi amfani da ita. Rubutun ma ba iri ɗaya ba ne: wani da ƙa'idar boko, wani da salon Faransanci, wani ya haɗa Hausa da Zabarmanci da Tamajak a layi guda, ga harshen Adar da ya bambanta da na Kano wanda aka fi samu a rubuce. Sakamakon biyu ne, duka marasa kyau: a rufe shafin mai wasa da taubashinsa, a bar mai habaici da ya kira mutane da sunan wata dabba ko wani ciwo, wanda duk garin ya san su wa yake nufi. A Janairun 2025 ma Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ta sanar cewa za ta mai da na'urorinta kan manyan laifuka, ƙananan kuma sai wani ya kai rahoto. Bidiyon kai tsaye ya fi duka wuya, kafin a duba an gama, an kuma naɗe shi an kai WhatsApp.

Ɗan Konni: To me ya hana gwamnati ta tilasta musu kamar yadda Turawa suka yi?

Injiniya Lawali: Jamus ta yi a 2017: dandalin da ke da masu rajista sama da miliyan 2 a ƙasar ya cire abin da haramcinsa ya fito fili cikin awa 24, in ba haka ba tara har Yuro miliyan 50. Dokar Tarayyar Turai ta yanzu tana iya cin kamfani har kashi 6 cikin ɗari na cinikinsa na duniya. Amma abin da ke sa kamfani ya ji tsoro shi ne kasuwar talla da zai rasa da ofishin da za a iya kai wa sammaci. Ƙasar da kuɗin tallanta ba su da yawa, takardarta layi take bi.

Metur Hadiza: Kuma ko can ba a gama yarda ba. Faransa ta kwaikwayi wa'adin awa 24 a 2020, kotun tsarin mulkinta ta soke zuciyar dokar, don kamfani mai tsoron tara zai goge halal da haram tare ba tare da alƙali ya duba ba. Habasha ta yi tata a 2020, ta tsananta hukunci ga mai mabiya sama da 5,000. Ku lura, wannan adadi bai shafi gurup ɗin WhatsApp ba, alhali nan ne tamu matsalar take. A Najeriya an kai wa majalisar dattawa ƙudurin da har hukuncin kisa ya ambata a 2019, bai zama doka ba.

Baba Ada: In abu ya ɓaci a yanke rezo ɗin, wato intanet, kawai, kowa ya huta.

Hajiya Rabi: An gwada, Baba. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, an yanke intanet ɗin salula daga 24 ga Fabrairu zuwa 5 ga Maris 2021, kwana goma. Jita-jita ba ta mutu ba, kiran waya da tasha da kasuwa suna nan, wokal kuma yana wucewa ta Bluetooth da katin memori. Abin da ya tsaya shi ne hanyar ƙaryatawa, da cinikin masu saye da sayarwa ta waya, da gaisuwar ƴan ci-rani da gida. Ƙona rumbu ne don ɓera. Kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta yanke a 2020 cewa yankewar da Togo ta yi a 2017 ta saɓa wa ƴancin magana, ko da yake tun Janairun 2025 mun fita daga ƙungiyar, wannan ƙofar ta rufe mana.

Malam Abdu: Mun ji na sama. Mu sauko kan admin da ke Bagga ko Tabalak da ƙarfe goma na dare, wokal irin na uku ya faɗo. Me zai fara yi?

Injiniya Lawali: Shaida kafin gogewa, amma da sauri, duka bai wuce minti biyar ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar hoton allo kawai. Hoton yana nuna sunan da kai ka ajiye mutum da shi, ba lambarsa ba, kuma ba ya ɗauke da murya. Sai ka buɗe bayanin mai saƙon yadda lambar za ta fito da +227 ɗinta ko ta wace ƙasa ce, ka ɗauka. Ka ɗauki allon da ke nuna sunan gurup da ranar da awa. Ka ajiye fayil ɗin muryar kansa wajen WhatsApp. In da hali, ka sa wata waya ta ɗauki bidiyon taka tana kunna saƙon daga cikin gurup, wannan ya fi wuyar musantawa. Akwai kuma fitar da hirar gaba ɗaya daga saitin gurup, a zaɓi haɗawa da fayiloli. A duba ko an kunna saƙo mai ɓacewa, na awa 24 ko kwana 7 ko 90, don in an kunna shaidar za ta tafi da kanta.

Sannan ka goge wa kowa. Admin na da ikon goge saƙon wani, amma cikin kwana biyu ne kawai, kuma zai nuna cewa admin wane ne ya goge. Gogewar ba ta bin wanda ya riga ya tura gaba ko ya ajiye. Bayan haka ka mai da gurup "admin kaɗai ke aikawa" zuwa safe, ka sabunta mahaɗin gayyata in yana yawo, ka kunna amincewar admin kafin sabon mutum ya shiga. In hoto ne na gawa ko gobara, a saka shi a Google Lens, manhajar gano asalin hoto, tukuna. Da yawa tsofaffi ne ko na wata ƙasa. Kada a dogara da ranar da ke jikin hoton, WhatsApp na share bayanan ciki in ba a matsayin takarda aka aiko shi ba.

Hajiya Rabi: Ƙari kan na Injiniya: gogewa kaɗai tana barin rami, mutane su ce an ɓoye gaskiya. A cike shi da murya, ba rubutu ba, cikin harshen da aka yi na farko, kuma daga bakin wanda ake jin maganarsa, mai gari ko liman ko ardo. Kada ya wuce minti ɗaya. Ya faɗi abin da aka tabbatar, gonar wa, ɓarnar me, wa ke bin maganar, yaushe za a zauna. Kada ya maimaita kalmar zagin ko da don ya ƙaryata ta. Ɓarnar gona tana da hanyarta, sarakuna da kwamitin kula da filaye su duba su ƙiyasta diyya. In mutane suka ji an kama wannan hanyar, rabin zafin ya sauka. Gidajen rediyon karkara ma su daina sa wokal ɗin a iska da sunan "ga abin da ke yawo".

Metur Hadiza: Wannan na ƙarshe ya shafi admin ma. Kada ka tura wokal ɗin zuwa wasu gurup, har wannan zauren, da sunan gargaɗi. A idon aya ta 31 kai ma ka yaɗa. Ka bayyana shi da bakinka, fayil ɗin kuma ka kai inda ya dace: jandarma ko komisariya mafi kusa, ko takarda kai tsaye zuwa ga mai gabatar da ƙara a babbar kotu. Ka je da wayar da saƙon ya shigo, ba kwafi kaɗai ba. In magana ce mai nauyi, ma'aikacin shari'a mai rantsuwa zai iya duba wayar ya rubuta abin da ya gani ya kuma ji, takardarsa ta fi hoton allo ƙarfi. A kula da fassara: takardun bincike da Faransanci ake rubuta su, habaici kuwa yana iya yin laushi ko ya yi kauri a hanya, don haka a nemi a rubuta kalaman da harshen da aka faɗe su kusa da fassarar. Wanda aka kama shi ma yana da hakki: tsarewar bincike a laifi na yau da kullum awa 48 ce, ana iya sabunta ta sau ɗaya, kuma yana da damar lauya tun daga kamawa.

Abu ɗaya da ke ɓata shari'a: lambar da ta turo ba lallai ita ce muryar ba. Layi na da rajista da katin shaida, amma sau da yawa da sunan wa ko uba ko mai shago aka yi ta, wayar kuma gida guda ke amfani da ita.

Baba Ada: To shi mai wokal ɗin, a fitar da shi daga gurup ko a bar shi? Ni dai na ce a fitar.

Injiniya Lawali: Irin na uku a fitar, babu jayayya. Irin na biyu ina da ja, Baba. In ka kore shi, zai buɗe nasa gurup da mutum talatin masu ra'ayinsa, inda babu mai ce masa a'a, kai kuma ba ka ganin abin da ake dafawa. WhatsApp ba shi da maɓallin rufe bakin mutum ɗaya, don haka dabarar ita ce a fitar da shi na mako guda a maido shi, bayan wani babba ya kira shi ta waya, ba a gaban jama'a ba.

Hajiya Rabi: Kuma admin kada ya zama mutum ɗaya ko ƙabila ɗaya. Gurup ɗin gari mai manoma da makiyaya, in duk admin ɗin manoma ne, kowace gogewa za a karanta ta a matsayin ɓangaranci. A sa aƙalla uku, da mai jin Fulatanci da mai jin Tamajak, da mace, don akwai zagin da ake yi wa mata wanda maza ba sa ma lura da shi.

Baba Ada: Mako guda ya yi kaɗan. Wata.

Malam Abdu: Za mu rubuta mako biyu a karon farko, karo na biyu fita ba dawowa, sai in Baba ya ƙi. Metur, ki duba mana jumlar da ta ce an hana ɗora laifin mutum kan ƙabilarsa ko addininsa ko yankinsa, amma ba a hana sukar hukuma ko mai riƙe da muƙami ba in da hujja. Ina so ta tsaya daidai da doka. Hajiya, ƙa'idar ba za ta yi aiki a rubuce ba, sai an naɗe ta da murya. Ki samo mana wanda zai karanta ta Fulatanci da wanda zai karanta ta Tamajak, ni zan yi ta Hausa, kowace kada ta wuce minti biyu, a riƙa sake saka ta kowace Juma'a har a saki gonaki.

Metur Hadiza: Ka cire "in da hujja", Malam. Admin ba alƙali ba ne, kuma da wannan kalmar za a goge duk ƙorafin da bai yi wa wani daɗi ba. Ka sa "ba tare da zagi ba". Zan turo gyaran bayan isha'i.